Mu a Wane Shafi Muke?

A kakar da ta biyo bayan ɗaga mafi ƙarancin albashi zuwa Naira 70,000 a watan Yulin 2024, wani injin gurzar auduga da ke gefen hanyar Funtua zuwa Malumfashi ya tsaya cak a tsakiyar sanyi. Duk wanda ya san harkar kaɗa ya san wannan ba lokacin tsayawa ba ne. Ana shuka ta cikin damina, a fara cira bayan ruwa ya ɗauke, daga nan zuwa shigowar bazara ne injin gurza yake neman abincinsa na shekara. Kwana ɗaya idan ya kuɓuce a wannan tsakanin, ya tafi ke nan.

Wuta ce musabbabin rigimar. An yi makonni lantarki tana zuwa da hantsi ta ɗauke kafin azahar, man dizal kuwa ya yi tsadar da ba kullum ake tayar da babban janareta ba. Da wata ya ƙare, ma'aikata suka ga an zaftare musu albashi. Akawu ya ce shi umarni aka ba shi: duk awar da injin bai juya ba, a cire ta. Sakataren ƙungiya ya shiga ofis ya ɗaga murya, Manaja ya miƙa masa takardar dakatarwa nan take. Washegari da sassafe Ciyaman na reshen ƙungiya ya hau kan ɗaurin auduga a tsakar fili ya ce kowa ya ajiye aiki.

Abin da ya ɗaure wa mutane kai shi ne, su biyun takarda ɗaya suke kafa hujja da ita. Manaja, saurayi ne da ya yi karatu a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, mai ƙwazo, mai saurin fushi, ya ce yarjejeniyar da kamfani ya sa wa hannu ta faɗa ƙarara: ba aiki, ba biya. Ciyaman, wanda ya girme shi da kusan shekara ashirin kuma shi ne babban makanikin injin, ya rantse cewa yarjejeniyar ta ce wanda ya zo bakin aiki ya ci kuɗinsa, ko injin ya juya ko bai juya ba. Kowannensu da gaske yake, ba mai ƙarya a cikinsu da gangan.

A waje kuwa motoci sun yi layi. Daga Bakori, daga Danja, daga Kafur, har da na wajen Faskari da Sabuwa, inda manomi ya yi shuka da cira yana waiwaye saboda 'yan bindiga. Auduga ta taru tuli a fili, iskar hunturu tana kaɗawa, maigadi ya daina barci don tsoron kada wani ya yar da guntun sigari. Manoman da suka ci bashin taki suna jiran a auna musu su biya. A kwana na huɗu wasu suka juya motocinsu suka nufi wani injin, sauran suka tashi dattawa uku suka tafi gidan mai kamfanin.

Alhaji, mai kamfanin, tsohon ɗan fuloti ne. Ya fara sayen kaɗa tun zamanin Hukumar Auduga, kafin gwamnati ta rushe hukumomin sayen amfanin gona a 1986, ya ga shekarun da farashi ke zuwa daga sama da kuma shekarun da aka bar kowa da kasuwa. Ya saurari dattawan, ya sallame su da haƙuri, sannan ya sa aka kira jami'in ƙwadago na tarayya daga Katsina.

Jami'in ya zayyana masa hanyar doka yadda take a Dokar Rikicin Ƙwadago ta 1976. A fara da hanyar sulhun da ke cikin yarjejeniya. Idan ta ƙi, ɓangarorin biyu su zaɓi mai shiga tsakani. Idan ta ƙi, a sanar da Minista, ya naɗa mai sasantawa, daga nan sai kwamitin yanke hukunci, daga nan sai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa.

"Kafin a gama wannan zagayen, ranka ya daɗe, audugar baɗi ta fito," in ji shi. "Ga shawarata. A buɗe injin gobe. Kuɗin da aka cire a ajiye shi gefe, kada ya koma aljihun kowa. Sakatare ya dawo aiki kafin a duba maganarsa. Sannan a zaunar da su gaba ɗaya, ofis da ƙungiya, a ɗaki ɗaya, a koya musu takardar da suke faɗa a kanta."

Ba wanda ya so wannan shawara. Manaja ya ce, "Ranka ya daɗe, a koya musu nasu daban, mu a koya mana namu daban. Idan na zauna benci ɗaya da wanda zan ba umarni gobe, raini ne zai shigo." Ciyaman shi ma ya noƙe, amma dalilinsa daban ne. Yana tsoron a ce an saye shi. Kuma tsoronsa yana da tushe, don an sha ganin inda aka kwashi shugabannin ƙungiya aka kai otal da sunan bita, aka cika musu ciki, aka miƙa musu ambulan, suka dawo ba su ƙara buɗe baki ba. Ni kaina ina ganin duk ma'aikacin da ya yi wa irin wannan gayyata kallon tuhuma bai yi laifi ba.

Mutumin da jami'in ya kawo ne ya warware wannan. Dattijo ne da kowa ke kira Malam Kwamared, haifaffen Malumfashi, wanda ya ƙarar da ƙuruciyarsa a masaƙun Kakuri a Kaduna, ya kuma yi kwasa-kwasai a cibiyar nazarin ƙwadago ta Ilorin mai sunan Michael Imoudu, jagoran babban yajin aikin 1945. Sharuɗɗa uku ya gindaya. Za a yi bitar a cikin kamfani, a rumfar da ake tara angurya, ƙofa a buɗe, duk ma'aikacin da ya sauka daga aiki yana iya tsayawa ya ji. Ba ambulan ga kowa. Kuma abincin da za a kawo wa Manaja shi za a kawo wa lebura.

Ranar farko, bayan an yi addu'a, Malam Kwamared ya ce, "To, kowane ɓangare ya fito da tasa takardar."

Aka yi shiru. Manaja ya aika masinja ofis, aka daɗe ana neman mabuɗin durowa. Da aka kawo ta, sai ga ta fes, ko lanƙwasa babu a gefen shafukan. Ya gaje ta ne daga wanda ya riƙe kujerar kafin shi, abin da ya sani a cikinta kuwa a bakin Akawu ya ji. Ciyaman ya laluba aljihun rigar aikinsa ya fito da shafi uku na hoto, sun yi baƙi da man inji. Cikakkiyar ta ƙungiya tana hannun tsohon ciyaman, wanda ya koma Kano shekaru da suka wuce. Kwana huɗu injin ya yi a tsaye, manoma suka kwana a kan motoci, a kan takardar da babu ɗaya daga cikin jagororin biyu da ya taɓa karanta ta daga farko zuwa ƙarshe.

Malam Kwamared bai yi musu dariya ba, bai kuma yi faɗa ba. Ya sa aka buga wa kowa kwafi. Ya tashe su daga yadda suka zauna, ofis gefe ɗaya ƙungiya gefe ɗaya, ya cakuɗa su: Akawu kusa da mai ɗaure dila, Manaja tsakanin Sakataren da ya dakatar da wani direban babbar mota. Ya ce Manaja zai karanta sashe ɗaya da ƙarfi ya bayyana shi da Hausa, Ciyaman ya karanta na gaba, haka har ƙarshe, ba a wuce sashe sai kowa a rumfar ya ce ya gane.

Kafin a fara, wani matashi ya tambaya wai mene ne ma amfanin wannan takarda, tunda mai kamfani shi ke da kamfaninsa. Baba Mai Sikeli ne ya amsa masa. Tsoho ne da mahaifinsa ya yi dako a injin gurza na Turawan BCGA a Funtua, kamfanin da masu masaƙun Ingila suka kafa a Manchester a 1902 don samar wa kansu auduga.

"Yaro, gidanku ba a yi gandu ba?" in ji Baba. "Gona ta maigida ce, ba mai musu. Amma kowa ya san ranakun da za ka yi masa aiki da lokacin da za ka tafi gayaunarka. Shi kuma ya san abinci a kansa yake, haraji a kansa, auren fari a kansa. Ran da ya hana ka zuwa gayauna, ya karya gandu. Ran da ka tsere masa da safe ka tafi taka, kai ka karya. Bambancin kawai, na gida ba a rubuta shi, don uba da ɗa ne. Nan kuwa ba uban wani, shi ya sa aka rubuta."

Malam Kwamared ya ce ba shi da abin ƙarawa a kan wannan, sai dai ya tuna musu cewa haƙƙin ma'aikata su haɗa kai su yi ciniki da mai aiki ba alfarma ba ce. Yana cikin yarjejeniya mai lamba 98 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta 1949, wadda Nijeriya ta amince da ita tun 1960, shekarar samun mulkin kai.

Wajen la'asar aka iso sashen da ake rigima a kai, kuma ya faɗo a kan Manaja. Ya fara karantawa da ƙarfin gwiwa, sai muryarsa ta yi ƙasa. Sashen ya ce idan aiki ya tsaya ba da laifin ma'aikaci ba, kamar ɗaukewar wuta ko lalacewar inji, za a biya shi cikakken kuɗin awoyin. Rumfa ta ɗauki sowa. Wani ya fara tafi.

"Ku dakata," in ji Malam Kwamared. "Yallaɓai, ba ka kai aya ba. Ƙarasa."

Manaja ya ƙarasa. Biyan yana da sharaɗi: ma'aikaci ya zauna a harabar kamfani har lokacin tashi, ya kuma yi duk aikin da aka ba shi da ya dace da ƙarfinsa, kamar sharar injin, jera dila, ko kawar da auduga daga inda wuta za ta iya kamawa. Tafin ya mutu. Kowa a rumfar ya san abin da ake yi idan an ɗauke wuta. Wasu su hau babur su tafi kasuwa, wasu su leƙa gona, wasu su kwanta a inuwar mota. Sau da yawa wuta takan dawo a yi rabin awa ana neman masu tayar da injin.

Ciyaman ya daɗe yana kallon shafin. Hotonsa mai shafi uku a daidai tsakiyar wannan sashen ya yanke.

Sashe na gaba nasa ne, kuma bai fi sauƙi ba. Ya ce koke yana farawa ne daga wajen sufabaiza, idan bai warware ba a rubuta wa Manaja, idan bai warware ba kwamitin haɗin gwiwa na ofis da ƙungiya ya zauna, kuma ba a ajiye aiki sai an bi waɗannan matakai an ba da sanarwa. Ciyaman bai bi ko ɗaya ba. Amma sashen ya ci gaba da cewa ba a dakatar da ma'aikaci sai an rubuta masa laifinsa, an ba shi damar kare kansa a gaban wakilin ƙungiya. Manaja shi ma bai yi ko ɗaya ba. Kwamitin haɗin gwiwar kuwa, da aka bincika, rabonsa da zama tun kafin a kawo Manajan.

Sakatare ya juya ya dubi Manaja da ke gefensa. "Yallaɓai, ashe da ni da kai duk mun yi wa takardar nan laifi."

"Naka ya riga nawa," in ji Manaja, "amma nawa ya fi girma, don ni na sa hannu a takardar dakatarwa."

A rana ta biyu Malam Kwamared ya ce a buɗe littattafai. Manaja ya yi ta jan ƙafa, sai da Alhaji ya aiko cewa a buɗe. Aka rubuta a allo abin da janareta ke sha a awa, kuɗin da ake sayen auduga mai angurya, abin da ke fita gurzajjiya a cikinta, wanda bai kai rabi ba, da kuɗin ruwan banki. Ma'aikata da yawa a ranar suka fara sanin cewa sau tari kuɗin angurya ne ke rufe wa kamfani asiri. Sannan aka juya allon, Ciyaman ya sa wani mai 'ya'ya biyar ya lissafa inda albashinsa ke tafiya: masara, haya, kuɗin babur, magani, makaranta. Kafin ya kai ƙarshe kuɗin ya ƙare. Akawu ya sake lissafin da kansa, wai ko an yi kuskure. Ba a yi ba.

A nan ne dattijon ya ba su labarin Kaduna, kuma ya daɗe a kansa. Ya ce yana nan a 1978 lokacin da aka haɗe ƙananan ƙungiyoyin masaƙu suka zama ƙungiya ɗaya ta ƙasa, yana nan lokacin da Adams Oshiomhole ya zama babban sakatarenta a 1982. Ya ce ƙarfin wannan ƙungiya ba a yajin aiki kaɗai yake ba. Sukan zauna da ƙungiyar masu masaƙu su yi ciniki, a sa hannu a yarjejeniya ɗaya da ta shafi masaƙun ƙasa, sannan su tara wakilan rassa su koya musu abin da ke ciki, har ya zama mai saƙa yana iya tsayawa gaban manaja ya ce masa sashe kaza ya ce kaza.

"Amma ku ji sauran," in ji shi. "Masaƙar KTL da aka buɗe a 1957 ta rufe a 2002. UNTL ta rufe a 2007. Wuta ta yi tsada, atamfar fasa-ƙwauri ta cika kasuwa. Na san mutanen da suka yi shekaru suna bin haƙƙinsu na sallama, wasu har suka rasu bai zo ba. Takarda ba ta kawo lantarki, ba ta hana fasa-ƙwauri. Abin da take yi shi ne ta hana ku cinye junanku kafin waɗancan su cinye ku. Ku nan Funtua har yanzu kuna da masaƙa tun ta 1978, kuna da injinan gurza, kuna da manoma. Ku dubi Kakuri ku yi hankali."

Da a ce bitar ta ƙare a nan, da kowa ya tafi gida yana jin daɗin kansa. An amince a mayar da kuɗin da aka cire, a janye takardar Sakatare, ma'aikata su daina barin harabar idan an ɗauke wuta, kwamiti ya riƙa zama duk wata. Rana ta uku an ware ta ne don rubuta wannan da shan lemo.

Tun ranar farko akwai wata mata da ke tsayawa a bakin rumfar idan an tashi tsinta. Inna ake ce mata. Ita ce babba a cikin matan da ke zama a kan tulin auduga tun safe suna tsince ganye da ƙasa da guntayen leda kafin a zuba wa injin. Aikin nan ba ƙarami ba ne, don zaren buhun leda ɗaya idan ya shige cikin dila yana iya ɓata yadi a masaƙa, a dawo da kaya. Gashin girarta da bakin mayafinta kullum fari fat da ƙurar kaɗa, tana kuma da wani tari da ba ya barinta har bazara. Ana shirin rufe taro ta yi sallama.

"Malam, a gafarce ni. Kwana uku ina jin ana ta karatu, shafi kaza na makanikai, shafi kaza na direbobi. Ban iya boko ba, shi ya sa nake tambaya. Mu a wane shafi muke?"

Malam Kwamared bai amsa ba. Ya dubi Ciyaman. Ciyaman ya dubi Manaja. Dattijon ya ce a koma shafin farko, sashen da aka wuce da sauri ranar farko don ba wanda ya ga abin gardama a cikinsa. Sakatare ya karanta: wannan yarjejeniya ta shafi ƙananan ma'aikata na dindindin.

Na dindindin. Su kuwa matan tsinta, da 'yan dakon da ke sauke buhuna, da samarin da ke tura auduga bakin bututu, duk na kaka ne. A lokacin gurza sun fi na dindindin yawa nesa ba kusa ba. Su ne suka fi kowa shaƙar ƙura. A kwana huɗun yajin aiki, na dindindin suna da ƙungiyar da za ta ƙwato musu kuɗinsu, ga shi ma ta ƙwato. Su Inna kuwa jinga suke yi, ba tsinta ba kuɗi, kwana huɗun nan sun tafi musu a banza, kuma ba wanda ya ambace su a rumfar, ko sau ɗaya.

Manaja ya yi saurin cewa su ba ma'aikatan kamfani ba ne, ɗan kwangila ne ke kawo su, shi ake ba kuɗi ya raba. Ciyaman ya ce su ba 'yan ƙungiya ba ne, ba a cire musu kuɗin wata. A karon farko cikin kwana uku bakinsu ya zo ɗaya ba tare da an sha wahala ba.

"Kun ji ku?" in ji Malam Kwamared. "Shekaru kuna faɗa a kan komai, ashe akwai abin da kuka daɗe da shiryawa a kai ba ku sani ba. Kun shirya a kan ba ruwanku da ita."

Wannan magana ta fi ta jiya zafi, kuma a ganina ita ce ta biya kuɗin bitar. Zaman ofis da ƙungiya a ɗaki ɗaya yana da haɗarin da ba a cika faɗa ba: su fahimci juna sosai har su manta da wanda ke bakin ƙofa. Jami'in ƙwadago ya ƙara da abin da ya sa jikin kowa ya yi sanyi. Dokar mafi ƙarancin albashi ta 2019 ta ware masu aikin kaka da masu aikin jinga, ta kuma ware wuraren da ma'aikatansu ba su kai 25 ba. Wato Naira 70,000 ɗin da ake ta magana a rediyo ba lallai ta iso kan tulin audugar da Inna ke zama ba. Amma ya ce Dokar Ƙwadago ba ta bar su haka kawai ba. Ta ce duk wanda aka ɗauka aiki a ba shi rubutattun sharuɗɗan aikinsa kafin wata uku su cika, ta kuma ce wanda ya yi awa shida ko fiye yana aiki a rana a ba shi hutun da bai gaza awa ɗaya ba.

Inna ta ce ita ba ta taɓa ganin takarda ba, kuma wannan kakarta ta goma sha wani abu ke nan. Hutun awa ɗaya kuwa, sai dai na salla, shi ma a gurguje. Da aka tambaye ta nawa ake ba su a kan tuli, ta faɗa. Akawu ya ɗago kai da sauri. Abin da kamfani ke ba ɗan kwangila ya fi haka da tazara mai yawa.

Ciyaman ya miƙe. Mutum ne da ba ya son a ga rauninsa, amma muryarsa ta canza. "Inna, ki yafe mana. Ƙanwata ma ta yi tsinta a filin nan kafin ta yi aure. Ban taɓa kawo ku a raina ba idan ina maganar ma'aikata."

"Ciyaman, yafiya mai sauƙi ce, na yafe," in ji ta. "Takunkumin hanci nake so, da a riƙa ba mu kuɗinmu a hannunmu."

Ba a sha lemon ba sai bayan magariba. Abin da aka iya cimmawa a ranar kaɗan ne, amma an rubuta shi, an liƙa a bayan yarjejeniyar. Kamfani zai raba takunkumi ga duk mai aiki kusa da auduga, na dindindin da na kaka. Za a riƙa biyan masu jinga a tagar Akawu, kowa da sunansa, ɗan kwangila ya karɓi ladansa daban. Za a ba kowa 'yar takarda mai ɗauke da aikinsa da kuɗinsa, a karanta wa wanda bai iya karatu ba. Matan tsinta da 'yan dako za su zaɓi mutum ɗaya-ɗaya da zai riƙa zama a kwamitin wata-wata. Batun kuɗin kwana huɗun da suka rasa, Manaja ya ce ba shi da hurumi, sai Alhaji. Alhaji ya ba da rabi, ya ce ƙungiyar da ta kira yajin ta cika rabin. Aka yi mako ana gunaguni a cikin ƙungiya, wasu suna cewa kuɗinsu ba na waɗanda ba sa biyan kuɗin wata ba ne. Ciyaman ya kira taro ya sa aka kaɗa ƙuri'a, ya ci da ƙyar.

Ɗan kwangila bai ji daɗi ba. Ya janye wasu daga cikin mutanensa ya kai wani injin, aka yi kwanaki ana ƙarancin 'yan dako, Manaja ya yi ta ƙorafin cewa ga abin da bita ta jawo masa. Takunkumin farko da aka sayo ma na banza ne, kwana biyu ya yage, sai da Inna ta kawo shi zaman kwamiti ta ajiye a kan tebur aka canza.

Wajen ƙarshen Fabrairu aka sake ɗauke wuta da hantsi. Samari biyu suka tayar da babur za su fita, Sakatare ne da kansa ya tare su a ƙofa ya nuna musu tsintsiya. A ƙarshen watan ba a cire wa kowa ko kwabo ba. A zaman kwamiti na watan Maris, na ƙarshe kafin a rufe kaka, Ciyaman ya kawo buƙatar a goge kalmar dindindin daga shafin farko idan an zo sabunta yarjejeniya, a kuma ƙara kuɗin tuli. Manaja ya ce kamfani ba zai iya ɗaukar duka biyun a shekara ɗaya ba, ya jawo littafin dizal ya buɗe. Ciyaman ya ce ya ga littafin, ya kuma ga farashin angurya ya tashi. Murya ta fara hawa, har maigadi ya leƙo.

"Yallaɓai, sashe na nawa ne ya ce idan mun kasa shiryawa a nan?" in ji Ciyaman.

"Na goma sha biyu. A ɗaga zuwa zama na gaba, kowa ya kawo lissafinsa a rubuce."

"To a ɗaga."

Inna ta ce a sa zaman kafin ruwan farko, don da zarar an yi shuka matan duk suna gona, ba mai zuwa ya ji abin da aka yanke. Akawu ya duba kalanda ya rubuta ranar.